Komai Nisan Jifa: Ƙarshen Samaniya da Masu Burin Dawwama

Abin da zan yi magana a kansa ya hana ni barci kwana da kwanaki, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta shi, ko akwai wani a cikinmu da abin ya taɓa damu kamar yadda ya dame ni.

A hutun da ya wuce Allah ya yi wa kakana rasuwa. Shi ne ya fara nuna mini taurari tun ina ɗan ƙarami. Lokacin hunturu, in an idar da sallar lisha, mu kan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya nuna mini Kaza da 'Ya'yanta, wani lokaci kuma ya nuna mini Zara matar wata. Ya kan ce haka kakansa ya ga taurarin nan, haka kuma jikokina za su gan su. To, da muka komo makaranta, ina cikin jimamin rashinsa, sai malaminmu na kimiyya ya gaya mana a aji cewa taurari ma su kan mutu, kuma ita kanta rana tana da ranar ƙarewarta. Sai na ji kamar an sake yi mini wata rasuwar.

A daren nan gardama ta kaure a ɗakin kwananmu. Wani abokina ya ce duk tatsuniyar Turawa ce, wa ya je can ya gano? Wani kuma ya ce a'a, gaskiya ne, amma kada mu damu, don masana sun kusa gano maganin tsufa da mutuwa, kuma kafin rana ta mutu 'yan Adam sun ƙaura zuwa wasu taurarin, su yi zamansu har abada. Ni dai na rasa wanda zan bi. Da ya ke matambayi ba ya ɓata, da gari ya waye na tafi wurin Malam. Ya ba ni littattafai, ya ce, "Je ka karanta, amma duk abin da ka gani ka raba shi gida uku: abin da aka auna, da abin da aka lissafa, da abin da aka zata kawai." Ga abin da na samo.

Bari in fara da amsa wa abokina na farko. Ba lalle sai an je wuri a ke sanin labarinsa ba. Mahaifina ya ba ni labarin husufin ranar da aka yi ran 29 ga Maris, 2006, wanda inuwarsa ta ratsa ta Gana, da Nijeriya, da Nijar. Yana Gusau a ranar, ya ce da hantsi gari ya yi duhu har kaji suka nufi akurki. Tun kafin ranar an faɗi kwanan wata da sa'a a rediyo, kuma haka aka yi. Lissafin da ya iya wannan bai cancanci a kira shi tatsuniya ba.

Ɗan aiken da ke kawo wa masana labarin sama shi ne haske. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa ƙasa kilomita miliyan 150 ne, ya kan iso cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Kaza da 'Ya'yanta kuwa, sai haskensu ya yi tafiyar shekara kamar 440 kafin ya iso idonmu. Watau hasken da kakana ya nuna mini ya baro gida tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da shekara fiye da 150. Ranarmu tauraro ce ɗaya a cikin wani babban garke na taurari, waɗanda yawansu ya kai biliyan 100 ko fiye, biliyan ɗaya kuwa miliyan dubu ke nan. Irin wannan garke kuma akwai su biliyoyi. Su duka da sararin da su ke ciki, su na ke nufi in na ce samaniya.

A shekarar 1927 wani limamin Kirista ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, ya nuna da lissafi cewa samaniya buɗewa ta ke yi. A 1929 kuma Edwin Hubble, da ke aiki da wani ƙaton madubin hangen nesa a bisa dutsen Wilson a Kalifoniya ta Amurka, ya auna ya ga garkunan taurari suna nisantarmu, kuma wanda ya fi nisa shi ya fi gudu. Yaya aka yi ya sani? Ku tuna da odar babbar mota. In tana tahowa ƙarar ta kan yi tsini, da zarar ta wuce sai ta yi kauri. Haka haske ya ke, in abin da ke ba da shi yana nisantarka sai launinsa ya karkata wajen ja. Kada kuma mu zaci mu ne a tsakiya kowa ke gudu. Ku dubi ƙullin fanke da aka barbaɗa wa riɗi: in yana tashi, kowace ƙwayar riɗi nisantar 'yar'uwarta ta ke yi.

Abin da ke buɗewa yau, ashe jiya ya fi haka matsewa. In aka bi sawu baya, za a kai lokacin da komai ke cure wuri guda cikin tsananin zafi. Wannan ra'ayi shi a ke kira Babbar Fashewa. Wanda ya raɗa masa sunan a wani shirin rediyon BBC a 1949, Fred Hoyle na Ingila, shi ne babban mai musunsa, don shi a ganinsa samaniya ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Abin da ya raba gardama ya zo a 1965. Wasu masana biyu a Amurka, Arno Penzias da Robert Wilson, sun yi ta jin wani shuu a na'urarsu ta rediyo, ko'ina suka juya ta. Har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka kankare, shuu bai daina ba. Ashe ragowar zafin farkon nan ne, wanda ya huce har ya kai awo 270 ƙasa da sanyin ƙanƙara. Tun 1948 wasu masu lissafi suka ce za a same shi. Daga auna wannan tsohon haske aka sami cewa shekarun samaniya biliyan 13.8 ne.

Wannan shi ne gidan farko, na abin da aka auna, kuma ban ga ƙofar musunsa ba. Amma da na ci gaba da karatu sai shakka ta fara shiga raina, kuma ba zan ɓoye muku dalilanta ba.

Na farko, an taɓa yin kuskure babba. Awon Hubble na farko ya nuna shekarun samaniya ba su wuce biliyan 2 ba, alhali ƙasar da mu ke takawa tana da biliyan 4.5. Ɗa ya girmi ubansa ke nan! Sai a shekarun 1950 aka gano cewa wajen auna nisan taurari aka yi kuskure, aka gyara.

Na biyu, mafi yawan abin da ke cikin samaniya ba a san ko mene ne ba. A shekarun 1970 wata masaniya, Vera Rubin, ta ga taurarin da ke gefen garke suna zagaye da gudun da ya isa ya watsar da su, amma ba su watse ba. Aka ce lalle akwai wani ɓoyayyen abu mai nauyi da ke riƙe da su. A lissafin masana, wannan ɓoyayyen abu shi ne kashi 27 cikin 100 na samaniya. Kashi 68 kuma wani ɓoyayyen ƙarfi ne, wanda zan zo kansa nan gaba. Duk abin da mu ka sani, duwatsu da ruwa da iska da taurari da mu kanmu, kashi 5 ne kacal. An raɗa wa sauran suna, amma raɗa suna ba shi ne sanin jariri ba.

Na uku, awon saurin buɗewar ya rabu biyu. Masu auna tsohon hasken nan sun sami cewa, a duk ƙarin nisan tafiyar haske na shekara miliyan 3.26, gudun ya kan ƙaru da kilomita 67 a daƙiƙa. Masu auna taurari kai tsaye sun sami 73. Kowane ɓangare ya sake awonsa sau da yawa, tazarar ta ƙi rufewa.

Na koma wurin Malam na ce, "Malam, mutumin da bai san kashi 95 na kayan ɗakinsa ba, yaya zai gaya mini ranar da ɗakin zai rushe?" Ya yi dariya ya ce, "Ka yi tambaya mai kyau. Amma wa ya gaya maka ba su sani ba?" Na ce su da kansu suka rubuta. Ya ce, "To, ka gani. Boka ba ya cewa bai sani ba." Wannan magana ta zauna mini.

Yanzu bari mu zo kan ƙarshe. Na rana ya fi sauƙin sani, don masana sun ga taurari irinta, jarirai da matasa da tsofaffi da matattu, kamar yadda baƙo zai shiga kasuwa ya gane yadda mutum ke girma ba tare da ya jira shekara saba'in ba. Rana murhu ce, itacenta kuwa iskar haidirojin, tana cin wajen tan miliyan 600 a kowace daƙiƙa. Ta yi shekara biliyan 4.6 tana ci, saura kamar biliyan 5. In itacen cikinta ya ƙare za ta kumbura ta yi ja, ta haɗiye duniyoyin da suka fi kusa da ita, sa'an nan ta zubar da ɓawonta ta bar ɗan garwashi fari yana hucewa. Tun kafin nan ma, nan da kamar shekara biliyan 1, a lissafinsu zafinta zai ƙaru har tekuna su fara ƙafewa.

Ƙarshen samaniya baki ɗaya shi ne mai wuyar. Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Haka masana su ma suka zata, cewa nauyin taurari yana janyo juna, don haka dole buɗewar tana rage gudu kamar dutsen da aka jefa sama. A 1998 ƙungiyoyi biyu na masana suka auna hasken wasu taurari masu fashewa a can nesa, don su ga yawan ragewar. Sai suka tarar ƙaruwa gudun ke yi. Kamar ka jefa dutse sama, maimakon ya juyo, ya ƙara wuta ya ɓace. Abin da ke tura shi ɗin shi aka kira ɓoyayyen ƙarfi. Uku daga cikinsu, Saul Perlmutter da Brian Schmidt da Adam Riess, sun sami kyautar Nobel a 2011 saboda wannan.

Makomar samaniya ta rataya ne a kan halin wannan ƙarfi, hanyoyi kuwa uku ne. In ya tsaya yadda ya ke, garkuna za su yi ta nisantar juna, haihuwar sababbin taurari ta tsaya, na ƙarshe su mutu nan da shekara kamar tiriliyan 100, a bar duhu da sanyi. Dalili kuwa kowa ya san shi a gida: kunu mai zafi hucewa ya ke yi, ba a taɓa ganin mai sanyi ya yi zafi da kansa ba, toka kuma ba ta komawa itace. In ƙarfin ƙaruwa ya ke yi, zai kai ga yayyaga garkuna, da taurari, da ƙwayoyin da aka gina komai da su. In kuwa raguwa ya ke yi har ya juya, to karin maganarmu ta tabbata, jifa ya faɗo, komai ya sake curewa cikin wuta. Yawancin masana sun fi karkata ga ta farko. Amma a 2024 da 2025 masu aiki da wata na'ura mai suna DESI a Arizona ta Amurka, bayan sun auna miliyoyin garkunan taurari, sun ba da sanarwar alamun cewa ƙarfin yana iya zama mai raguwa, su da kansu kuma suka ce alamun ba su kai hujja ba tukuna. Wannan duk gida na biyu da na uku ne, lissafi da zato.

Ga abin da na lura da shi, wanda shi ne dalilin rubutun nan. Saɓanin masana a kan yadda ƙarshen zai zo ne. A cikin hanyoyin nan uku babu wadda ta bar wa mai rai wurin zama.

Wannan ya kawo ni ga abokina na biyu, mai burin dawwama. Burinsa tsoho ne. Sarkin da ya fara haɗa ƙasar Sin a ƙarƙashin mulki ɗaya, Qin Shi Huang, ya aika jiragen ruwa neman maganin mutuwa. Ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa, yana da shekara 49, kuma ana kyautata zaton magungunan zaiba da ya riƙa sha don ya dawwama su suka gaggauta masa. A zamaninmu, wadda takardun haihuwa suka tabbatar ta fi kowa daɗewa ita ce Jeanne Calment ta Faransa, an haife ta a 1875, ta mutu a 1997, tana da shekara 122. A 1961 wani masani, Leonard Hayflick, ya nuna cewa ƙwayoyin jikin mutum da aka rena a ɗakin bincike su kan rabu kamar sau 50, daga nan su tsaya. Watau tsufa a cikin ginin jiki ya ke.

Wasu sun ce to a adana gawa har a sami magani. A watan Janairu na 1967 aka daskarar da gawar wani Ba'amurke, James Bedford, shi ne na farko. Ana ajiye irin waɗannan gawawwaki a cikin ruwan naitirojin mai sanyin awo 196 ƙasa da ƙanƙara. Fiye da shekara 50 ke nan, ba a tayar da ko mutum ɗaya ba. Wasu kuma sun ce a kwafe abin da ke cikin ƙwaƙwalwa a zuba a kwamfuta. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kamar biliyan 86, ba wanda ya taɓa kwafe ta. Ko da an kwafe ma, ina da hoton kakana a akwatina, ya yi kama da shi ƙwarai, amma bai taɓa amsa gaisuwata ba.

Batun ƙaura kuma, tauraron da ya fi kusa da rana tafiyar haske ce ta shekara 4 da 'yan watanni. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, mai gudun kilomita 17 a daƙiƙa, sai ya yi shekara fiye da 70,000 kafin ya ci wannan nisa. Amma a ce duk an yi, an kashe tsufa, an ƙaura. Shi ma sabon tauraron murhu ne, itacensa zai ƙare. A 1979 wani masani, Freeman Dyson, ya yi lissafin cewa mai hankali zai iya rayuwa har abada a samaniya mai sanyi, in ya riƙa tsimin ƙarfinsa, yana dogon barci yana farkawa. Da aka gano a 1998 cewa buɗewar ƙara gudu ta ke yi, wasu masana suka sake lissafin suka ga dabarar ba za ta yi ba, don abincin wutar da zai iya kai hannu gare shi yana da iyaka. Ko mutum ya sami maganin tsufansa, gidan da zai zauna a ciki shi ma tsufa ya ke yi.

Mu dai, Musulminmu da Kiristanmu, tun muna yara aka koya mana cewa duniya mai ƙarewa ce, sanin lokacin na Allah ne, kuma dawwama tana wani gida ba wannan ba. Wannan magana ce ta imani, ba madubin hangen nesa ya nuna ta ba, kuma ba na so in cakuɗa su, don masana gobe suna iya gyara lissafinsu. Abin da zan iya cewa shi ne ban sami komai a gidan awo da ya yi wa ɗan Adam alkawarin tabbata a nan ba.

To, ashe ilimin bai da amfani ke nan? Yana da shi ƙwarai. A 1900, in aka yi matsakaicin lissafi, jaririn da aka haifa a duniya shekara kamar 32 a ke sa ran zai yi. A 2023 adadin ya kai kamar 73. Babban sanadin wannan shi ne raguwar mutuwar yara, ta hanyar allurar rigakafi da ruwa mai tsabta da magani. Kakana yana da zanen agana a fuskarsa, ya ce ƙannensa biyu ita ta ɗauke. A 1980 aka ba da sanarwar an kawar da agana daga duniya, ni ban taɓa ganin mai ita ba. A 2020 kuma aka ba da sanarwar cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna mai yaɗuwa da kanta. Wannan aiki ne da hannunmu zai kai gare shi. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ke neman ɗaukewa yana ɗan shekara 3 ba dawwama uwarsa ke roƙa masa ba, so ta ke ya girma.

Na koma ɗakin kwana na gaya wa abokaina abin da na samo. Na farko ya yarda da husufi amma ya ce shi kashi 95 ɗin nan ya ishe shi hujja. Na biyu ya ce in jira in gani, ai da can ma an ce mutum ba zai tashi sama ba. Ban ci su da gardama ba, su ma ba su ci ni ba, kuma har yanzu mu kan taɓa ta in an kashe fitila. Amma ni na sami barcina. Na kuma gane kakana bai yi ƙarya ba, don a lissafin masanan ma Kaza da 'Ya'yanta suna nan har miliyoyin shekaru masu zuwa, jikokina za su gan su in Allah ya ba ni su.

Roƙona ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, in mun ji sabuwar magana, kada mu yi saurin ƙaryatawa, kada kuma mu haɗiye ba tauna. Mu tambaya: an auna ne, ko an lissafa, ko an zata? Ga iyayenmu kuma, in yaro ya zo da irin tambayoyin nan, don Allah kada a kore shi a ce ya fara taɓuwa. A zauna da shi a tabarma a nuna masa taurari, kamar yadda aka yi mini.

Iyakar abin da zan ce ke nan. Allah ya jiƙan kakana da sauran magabatanmu, mu kuma ya sa mu yi amfani da kwanakin da aka ba mu. Amin.